Agatha Mai Man Kaɗe da Tukunyar Farar Wuta

A layin masu mai na kasuwar Kontagora, in ka tambayi inda za ka sami man kaɗe marar gauraye, Agatha za a nuna maka. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin tafin hannu, kuma har yau Hausarta ba ta rabu da karin Dukanci ba, duk da daɗewar da ta yi a gari. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Rijau. Can ta tashi tana bin mahaifiyarta tsintar ƙwarar kaɗe da sanyin safiya, da sanda a hannu ana bugun ciyawa saboda macizai. A wurin uwar ta koyi dafa ƙwara da shanya da suya da niƙa, da bugun ƙullun da hannu har man ya taso fari a saman ruwa. A wurinta kuma ta ga yadda ake yi wa yaro maganin ƙazuwa. A sayo farar wuta a hannun 'yan koli, wani dunƙule rawaya mai warin ashana, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da man kaɗe a cikin ƙoƙo, a shafe yaron da shi.

Aure ne ya kawo ta Kontagora. Mijinta Obed mai faci ne a bakin hanyar Yawuri, mutum marar yawan magana, hannunsa kullum baƙi da taya. Suka kama ɗaki a wani gidan haya, tsakar gida ɗaya da Ruka, matar Lukuman mai fataucin doya. Ruka gajeruwa ce, mai dariya da ƙarfi, ba ta iya zama shiru. Ranar da naƙuda ta kama Agatha babu kowa a gidan sai Ruka, ita ta karɓi haihuwar, ita ta wanke jaririyar da aka sa wa suna Joy. Tun daga ranar ba a taɓa jin kansu ba. Agatha tana haɗa man ƙazuwa, Ruka tana ɗurawa a ƙananan robobi, ta zuba a jaka ta shiga gida-gida wurin matan da ba sa fita kasuwa.

A shekarar da mutanen ƙauyuka suka yi ta gudowa gari saboda 'yan bindiga, ɗakuna suka cika, ana kwana jiki da jiki, sai ƙazuwa ta bazu a unguwanni. Yara suna susa har jini. Man Agatha ya yi kasuwa, sai dai masu saye suna da ƙorafi guda.

"Maman Joy, sun ce yana da tsakuwa-tsakuwa," in ji Ruka wata rana da ta dawo daga yawon talla. "Wai in an shafa wa yaro a kan gyambo sai ya yi ta ihu. Kuma in rana ta buga shi, garin ya kwanta a ƙasa, man ya taso sama."

Agatha ta sake tankaɗe da rariya mai laushi, bai hana ba. Sai wata rana ta manta da ƙaramar tukunya a gefen murhu. Da ta dawo ta tarar farar wutar ta narke ta ɓace a cikin man, ya koma kalar zuma, sumul, babu ɗigon gari. Akwai wani wari kamar na baragurbin ƙwai, amma a fili ake, iska ta kwashe shi. Ta kira Ruka ta shafa mata a bayan hannu. Ruka ta yi guɗa.

Daga nan dafawa ta zama sana'a. Agatha ta ƙara basilin da narkakken kyandir don kada man ya tsinke a rana. Ta sayi babbar tukunya da murhun gas. Da tukunya ta girma, wari ya girma, maƙwabta suka fara toshe hanci suna magana. Damina kuma ta sauka. Sai ta kwashe kayan ta kai wani ɗan sito a bayan gidan, ɗaki matsattse mai taga ɗaya can sama kusa da rufi. Ta toshe tagar da kwali don kada warin ya dami mutane.

Ba a jima ba abubuwa suka fara faruwa.

Da farko ciwon kai ne, mai sara a tsakiyar goshi, da ido da ke raɗaɗi yana ruwa. Suka ce gajiya ce. Sai kazar Ruka da ke kwanci a kusurwar siton, wata safiya bayan an gama dahuwa, aka same ta a mace a kan ƙwanta, babu rauni, babu alamar cizo. Bayan 'yan kwanaki Agatha tana shara ta sharo ɓeraye matattu da ƙadangare a bayan buhu. Ba su sa maganin ɓera ba.

Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne 'yan kunnen Ruka. Na azurfa ne, gadon kakarta, kullum suna ƙyalli. Agatha ce ta lura.

"Ruka, me ya sami kunnenki?"

Ruka ta cire su ta duba. Sun yi baƙi ƙirin kamar an jefa su a wuta. Ta goge su da toka da lemun tsami suka dawo fari, washegari bayan aiki suka sake baƙi. Ta riƙe su a tafin hannu, dariyar nan tata ta ɗauke.

"Maman Joy, wani ya sa mana hannu. Azurfa ba ta baƙi haka kawai. An ga kasuwa ta buɗe mana."

Agatha ba ta so ta yarda ba, amma gabanta ya faɗi. Ruka ta kawo ruwan tofi ta yayyafa a kusurwoyin ɗakin. Agatha ta tsaya a bakin ƙofa ta yi addu'a da sunan Yesu. Suka fara lura da wanda ya gaishe su da wanda bai gaishe su ba. In Agatha za ta buɗe siton da safe sai ta tsaya ta kasa kunne tukuna, kamar akwai mai jiran ta a ciki. Ko sau ɗaya tunaninsu bai je kan tukunyar ba. Man kaɗe ne da ake ci, da farar wutar da ake shafa wa jarirai, me zai fito daga cikinsu?

Ranar wata Asabar ruwa ya kwana yana zuba, gari ya waye bai tsaya ba. Lukuman yana Mashegu sarin doya. Obed bai fita ba, don babu mai kawo faci a irin wannan ruwa, yana kwance a ɗaki. Matan biyu suka shiga siton suka turo ƙofa saboda feshi. Tukunyar ta cika fiye da kullum, Agatha ta ƙara wuta don a gama da wuri. Tana tsaye tana juyawa da muciya, Ruka tana zaune a tabarma a ƙasa tana jera robobi.

Man ya wuce kalar zuma, ya koma ja, ya fara duhu, yana kumfa yana tasowa. Warin ya cika ɗakin har Agatha ta ja gefen zani ta rufe hanci. Can sai Ruka ta ɗago kai.

"Kin ji? Warin ya tafi."

Agatha ta saki zanin ta shaƙa. Babu komai, kamar an share shi da tsintsiya.

"Yau dai Allah ya taimake mu," in ji Ruka. Ta yi hamma, ta murza ido.

Agatha ta tuna ta bar ludayi a ɗakinta. Ta ajiye muciya ta fita. Da ruwan sama ya bugi fuskarta sai ta ji ƙasa tana juyawa, ta dafa bango har jirin ya lafa. Ta ɗauko ludayin ta dawo, ta tura ƙofar.

Ruka tana kwance a kan gefenta, roba a hannu. Idanunta a buɗe, ba sa kallon komai. Leɓɓanta sun yi duhu, ƙafarta ɗaya tana ɗan harbawa.

"Ruka! Ruka, tashi mana!"

Ta jefar da ludayin ta durƙusa don ta ɗaga ta. Ta ja numfashi guda a nan ƙasa, shi ke nan. Daga baya Agatha ta ce abin da ta ji shi ne kamar an zare mata ƙasusuwa gaba ɗaya, ɗakin ya yi nisa, ƙarar ruwa a kan kwano ta ɗauke. Ta yunƙura za ta miƙe sai ta faɗi da baya. Allah ya sa ƙofar a buɗe take, kanta da kafaɗunta suka faɗa waje cikin ruwa.

Ƙarar robobin da ta ture ce ta fito da Obed. Ya ga matarsa a kwance ruwa yana zuba mata a baki, ya kurma ihu, ya ja ta zuwa tsakar gida. Ya hango Ruka a ciki ya juya zai shiga. A daidai nan Malam Salahuddeen, maƙwabcinsu na gidan gaba, wanda ke koyar da kimiyya a wata sakandare, ya shigo da gudu babu ko takalmi. Warin da ke fitowa daga ƙofar ya buge shi, ya ga tukunya tana hayaƙi, ya ga mata biyu a ƙasa. Ya cafke rigar Obed.

"Tsaya! In ka yi numfashi a ciki kai ma faɗuwa za ka yi. Ja iska a nan waje, ka riƙe. Ka kama tabarmar ka jawo ta da ita. Kada ka sunkuya da yawa, kada ka buɗe baki!"

Obed ya cika ƙirji, ya shiga, ya kama bakin tabarmar ya ja da baya har suka fito. Malam Salahuddeen ya miƙa hannu daga bakin ƙofa ya murɗe kan gas, ya zagaya baya da taɓarya ya fasa tagar. Matan unguwa sun cika gidan, masu salati suna yi, masu kuka suna yi. Ya daka musu tsawa kowa ya matsa daga siton, a kwashe yara. Ruka tana numfashi, amma sama-sama, da wani gurnani a maƙogwaro. Aka tare keke mai ƙafa uku aka sa su biyun, Obed yana riƙe da kan matarsa, wata dattijuwa tana riƙe da Ruka.

Agatha ta farfaɗo a asibiti da abin iska a hanci, kanta kamar zai tsage. Abin da ta fara tambaya shi ne Ruka. Aka nuna mata gadon da ke can ƙarshen ɗaki. Ruka ba ta farka ba. Lokaci-lokaci jikinta yakan sandare ya yi ta jijjiga, ma'aikata su taru su riƙe ta, sannan ta saki. Duk sanda aka taru a kanta sai Agatha ta rufe ido, ta ce a ranta yanzu za a ja zani a rufe wa Ruka fuska.

Lukuman ya iso da yamma, jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa. Ya daɗe tsaye a kan matarsa. Sannan ya tako zuwa gadon Agatha. Mutum ne da ya saba yi mata ba'a, yana kiranta uwar ɗakin matarsa. Ranar ko gaisuwa babu.

"Maman Joy, me ta ci? Me kika ba ta?"

Agatha ta dube shi. Ta gane daga tambayar cewa an riga an fara magana a unguwa. Su biyu suka shiga ɗaki suka rufe, ɗaya ta tashi, ɗaya ba ta tashi ba. Kuma ɗaya tana zuwa coci, ɗaya tana salla. Ta san yadda irin wannan magana take girma in ta fita daga gida. Ta dubi Obed, ta ga shi ma abin da yake tunani ke nan.

Malam Salahuddeen ne ya shigo a kan haka, da leda a hannu. Ya ce ya bari iska ta ratsa siton, sannan ya leƙa tukunyar da ta huce. Ya kwance ledar ya fito da wani dunƙule mai ruwan ƙasa da ya yanko daga gindinta. Ba mai ba ne kuma. In ka danna shi sai ya lotsa ya dawo.

Obed ya karɓa, ya lanƙwasa, ya kai hanci.

"Malam, wannan ai kamar ɗanyen danƙon da muke gasawa a kan tub ɗin taya ne."

"Danginsu ɗaya," in ji Malam Salahuddeen. Ya juya wajen Lukuman. "Malam Lukuman, babu wanda ya ba iyalinka komai. Ka ji abin da ya faru. Farar wuta in tana sanyi, ba ruwanta da mai, zama kawai suke yi tare. In aka ba ta wuta sosai sai ta shiga jikin man ta ɗaure shi. Da haka ake yin taya a masana'anta, a dafa danƙo da farar wuta ya yi ƙarfi. Amma in ana dafa ta da mai ko kyandir, tana fitar da wata iska mai guba. Ita ce mai warin baragurbi. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ƙasa take kwanciya. Wanda ke zaune ya fi na tsaye shan ta."

"Kaza," in ji Agatha a hankali. "Da ɓeraye."

"Su ta fara samu. Ita ce kuma ke baƙanta azurfa."

"Amma Malam, warin ya tafi fa. Ruka da bakinta ta ce ya tafi."

Malam Salahuddeen ya girgiza kai. "Bai tafi ba, Maman Joy. In ta yi yawa hanci take fara kashewa. Sanda kuka daina jin ta, a lokacin ta kai ta kisa. Masu aiki da ita a manyan wurare ba sa yarda da hancinsu, na'ura suke ratayawa a ƙirji mai yin ƙara."

Lukuman ya karɓi dunƙulen ya juya shi a hannu. Ya zauna a bakin gado, ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Sannu, Maman Joy. Ya jikin?" Da ya koma unguwa shi da kansa ya tsaya a ƙofar masallaci bayan salla ya yi wa mutane bayani, dunƙulen yana yawo hannu zuwa hannu.

Washegari da safe Agatha tana kwance sai ta zabura ta zauna.

"Baban Joy! Naomi!"

Naomi 'yar ƙanwar mahaifiyarta ce, tana aure a Sahon Rami. Ta zo gari kwanan baya ta ga man, Agatha ta koya mata dahuwar tas, har ta ba ta farar wuta a leda ta ce ta je ta gwada, tunda ƙazuwar ta kai can ma. Obed ya kira lambarta, ba ta shiga. Ya sake kira, ya kira ta mijinta, duk shiru. Can dama sai an hau tudu ake samun sabis.

Likita bai sallame ta ba, amma Agatha ta ɗaura zani ta ce ko da rarrafe sai ta je. Obed ya ari babur. Hanyar ta jiƙe, ga ramuka cike da ruwa, ga daji ya yi duhu ta kowane gefe, kuma kowa ya san abin da ake gamuwa da shi a hanyar a wannan shekarar. Duk babur ɗin da suka hango daga nesa sai Obed ya rage gudu ya ƙura ido. Agatha ba ta ko lura. Tana riƙe da rigarsa, kanta yana sarawa da kowane rami, ba abin da take gani sai Naomi zaune a ƙasa, da goyo a baya, tana cewa warin ya tafi.

Tun kafin su kai gidan ta ji shi, warin baragurbi. Ta diro daga babur ɗin bai gama tsayawa ba, ta faɗi, ta tashi, ta shiga gidan tana kiran sunan Naomi. Ta same ta a ƙarƙashin rumfar dafa abinci, wadda ba ta da bango ko ɗaya, tukunya a kan murhu, yara suna wasa a gefe. Naomi ta taso da fara'a za ta yi mata maraba. Agatha ta wuce ta, ta janye itacen daga murhun ta watsar a cikin taɓo, ta kori yaran. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

"Yaya, lafiya? Wa ya mutu?"

Obed ne ya yi bayanin. Naomi ta saurara, ta juya ta dubi ɗakin kwananta, ta ce da ruwa ya ci gaba yau da can ciki ta yi niyyar kai murhun.

Ruka ta buɗe ido bayan kwanaki. Ba ta tuna komai na ranar ba, har ma da 'yan kwanakin da suka gabace ta. Ta dawo gida, amma ba duka ta dawo ba. Hancinta bai ƙara jin ƙamshi ko wari ba, miya takan ƙone a gabanta sai wani ya faɗa mata. Hannunta na dama yana rawa in ta ɗauki kofi. Takan fara labari ta tsaya a tsakiya tana neman inda ta dosa, sai ta yi dariya ta ce a tuna mata. Ba ta taɓa ɗora wa Agatha laifi ba. In aka tayar da zancen cewa take yi tare suka kunna wutar.

Agatha ta koma sayar da zallan man kaɗe. Ta daɗe ko gas ba ta iya kunnawa a cikin ɗaki, a tsakar gida take girki ko da ana yayyafi. In ƙwai ya fashe a kusa da ita a kasuwa, sai ta bar rumfar ta fita fili ta tsaya har ƙirjinta ya daina bugawa. Lukuman ya ɗauke wa matarsa yawon talla ya buɗe mata ɗan teburi a ƙofar gida, kuma Agatha ce ke zuwa mata sari. Mai gidan hayar ya sa aka cire rufin siton aka rushe bango ɗaya, yanzu nan matan gidan suke shanya kuɓewa.